Binciken Goggo

Goggona mai ɗinki ce, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ko yadi aka kawo mata daga kanti sai ta sake aunawa a gaban mai shi. Ba ta yi makaranta ba, amma ita ke riƙon jikarta Auta, ta kuma ci alwashin sai yarinyar ta ci jarrabawar shiga sakandare.

Bana makarantar ta raba wa 'yan aji shida wata na'ura mai kamar faranti, ta yin aikin gida. Malamarsu ta ce na'urar tana gane ƙarfin kowane yaro: in ya amsa daidai ta ƙara masa wuya, in ya kasa ta sassauta.

"Abin da ba ya tsawa, shi zai koyar da yaro?" in ji Goggo. "Da walakin, goro a miya."

Sai ta shiga bincike. Kullum in Auta ta tafi makaranta, sai Goggo ta bar keken ɗinki ta ɗauko na'urar, ta yi ta danna duk inda yatsa ya faɗa, wai sai ta kama ta da ƙarya. Na'urar kuwa ba ta fushi. Ta sauko daga lissafi zuwa ƙidaya, daga ƙidaya zuwa haruffa, tana karanto su a hankali. Goggo ta koma zaman awa biyu a kanta, wai har yanzu bincike take.

Auta ta ga aiki ya yi sauƙi, yabo na ta zuba, ta ja bakinta ta yi shiru. Wa zai ƙi?

Saura wata guda jarrabawa aka yi gwaji, Auta ta faɗi warwas. Ni na raka Goggo makarantar, tana ta huci.

"Ai na faɗa! Abin nan ya cuci yarinya."

Malama ta duba na'urar, ta juyo mata da ita. "Mama, wata huɗu ke nan darasin aji ɗaya take ba ta. Amma ƙarfe goma na safe ake taɓa ta, lokacin Auta na gabana. Wa ke gida?"

Goggo ta ƙura wa na'urar ido. Na ga leɓɓanta na motsi, tana haɗa harafi da harafi, har ta karanta sunan jikarta da ke sama. Ban taɓa ganin ta karanta komai ba. Tausayinta ya kama ni.

"Malama," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "wata guda zai isa?"

Malama ba ta ce zai isa ba.