Alamar da Inna Habsu Take Nema a Bayan Kwalba

A tashar Gummi, in ka ga tsohuwa ta ɗaga robar ruwa tana juya ta a rana kafin ta saya, to Inna Habsu ce. 'Yan kabu-kabu Kwastam suke ce mata, ita kuma ko a jikinta.

Da can ita ma lemon kwalba take sayarwa, har da firij ɗin kamfani a rumfarta. Sai motar kamfanin ta buge ɗanta Junaidu a kan babur ɗinsa, hanyar Anka, ya bar matarsa Zinatu da ciki. Inna ta ce ajali ne, ta yafe wa direba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne babu mutum ɗaya daga kamfanin da ya cire takalmi ya zauna kan tabarma ya yi mata gaisuwa. Kiret-kiret na lemo suka aiko ranar sadakar uku, sai ka ce biki ake. Ta sa aka mayar musu, ta haɗa da firij ɗinsu, ta rantse abinsu ba zai sake shiga gidanta ba. Ta koma dama kunun aya da zoɓo.

Ashe kamfanin 'ya'ya gare shi birjik. Inna ba ta karanta boko, amma Allah ya ba ta ido da naci. Ta riƙa tsayawa inda ake sauke kaya, tana kallon abin da ke fitowa daga mota ɗaya: ruwan roba, lemon kwali, har da wani mai madara da yara ke so. Suna daban, launi daban, amma kowanne da 'yar alama a baya kamar sawun kaza. Wallahi ko da hasken magariba sai ta gano ta.

Da Zinatu ta haihu, namiji, tsohuwa ta yi murna, ta kuma ji tsoro. Haihuwa ta kawo ƙarshen takaba, kuma mahaifin Zinatu, Alhaji Hammadu na Bukkuyum, yana da ikon kwashe 'yarsa da jinjirin duk ranar da ya ga dama. Mutum ne mai saurin hawa. Ita kuwa wannan jinjiri shi kaɗai ya rage mata na ɗanta.

Ranar suna sai ga Alhaji da katan-katan na lemon kwali, sabon fitowa, yana fara'a. Inna ta juya ɗaya, sai ga sawun kazar nan a bayansa. Maƙwabta suka yi ta roƙonta ta kawar da kai na yini ɗaya, kada ta ja wa kanta rabuwa da jika. Ta ƙi. Ta kira shi zaure, ta durƙusa duk da ta girme shi, ta nuna masa alamar.

"Alhaji, ka yi mani aikin gafara. Lemon nan na waɗanda suka aiko kaya maimakon su tako da ƙafa ne. Ba zan shayar da mutane abinsu ranar sunan ɗan yaron nan ba."

Fuskarsa ta haɗe. Ita kuma tana jiran ya ce Zinatu ta haɗa kayanta. Ta manta, ko kuwa ta yi kamar ta manta, cewa shi ma lokacin rasuwar yana Gusau, buhun shinkafa ya aiko.

Shi bai manta ba. Ya sa aka fitar da katan-katan ɗin, ya cire takalminsa, ya zauna kan tabarma a gabanta, makaɗa na jira a waje.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Junaidu."

Tsohuwar da ba a ga hawayenta ba ko ranar jana'iza ta ja mayafi ta rufe fuska. Zoɓo aka sha a sunan, kuma a ɗakinta yaron ya koyi rarrafe.