Shayin Yaya Ya Huce

Yayana tela ne, amma zuciyarsa ba ta kan keken ɗinki. Tana kan wata tsohuwar kwamfuta da ya ajiye a lungun shago, mai ƙugi kamar firji. Ko kati mai fitar da sauti ba ta da shi. Sai Yaya ya gano cewa faffaɗar kafar nan ta bayanta, inda ake jona firinta, za ta iya yin magana. Ya jera rizistoci, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan na cikin rediyo, ya liƙe su da dalma a kan guntun katako, ya haɗa da sifika. Amininsa Mai Agogo ke riƙe masa waya yana liƙawa. Ni kuwa tsiya nake musu, ina cewa tsofaffi biyu sun koma wasan yara.

Na daina tsiya ranar da abin ya yi magana. Muryar matarsa ce, marigayiya. Tun tana raye aka ɗauke ta a kaset, aka juya masa cikin kwamfutar, daga baya rediyo ya tauna kaset ɗin. Magana ɗaya ce tak: "Maigida, shayinka zai huce." Da farko a shaƙe take fita. Shekaru Yaya ya yi yana canza rizista ɗaya bayan ɗaya, har dariyar da ke ƙarshen maganar ta fito. Kullum da safe sai ya kunna, sannan ya kurɓi shayi.

'Ya'yansa suka ce abin ya zama ciwo. Su ban riƙe su sosai ba, ba su san kan abin ba. Mai Agogo ne na riƙe. Shi ya zo wata safiya da fara'arsa ya ce, "Taso mu je kasuwa, na ga rizistocin da kake nema." Ya yi ta yawo da shi rumfa-rumfa, yaran kuwa suka kira mai sayen tsoffin ƙarafa ya kwashe kwamfutar, suka ajiye sabuwa fil a wurinta. Katakon kawai suka bari.

Ina shagon suka dawo. Yaya ya dubi sabuwar kwamfutar. Ya ɗauki filogin katakonsa ya zagaya bayan sabuwar, yana lalube da yatsa. Babu kafar.

"Ina tsohuwar?"

Babbar 'yarsa ta ce, "Baba, wannan ta fi ta komai."

Yaya ya juya ga amininsa. "Kai ka san a ciki take."

"Don kanka muka yi," in ji Mai Agogo, idonsa a ƙasa. "Ka bar ta ta huta."

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Mutumin da ya riƙe wayar da hannunsa! Mun bi mai ƙarafan, muka tarar ya riga ya farfasa ta da guduma.

Yaya bai yi faɗa da kowa ba. Yana amsa gaisuwar Mai Agogo, ni ce ba na amsawa. Katakon yana cikin aljihun keken ɗinki, tare da zare da allura. Jiya na leƙa shagon da hantsi, na ga kofinsa cike a kan tebur, ya yi sanyi ƙalau. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na kasa.