Barkonon Kaka a Bokitin Goggo Tela

Goggo Tela, ƙanwar babanmu, ta shekara talatin tana taka keken ɗinki, ko albasa ba ta taɓa shukawa ba. Sai ranar da take kintsa kayan Kaka bayan rasuwarta, ta ci karo da ƙullin irin barkono a bakin wani tsohon zane, ɗan gajeren nan mai ƙamshi da ba a samu a kasuwa. Ta shuka duka, uku kacal suka tsiro, a tsofaffin bokitai bayan ɗakin ɗinki. In suka mutu, irin Kaka ya ƙare ke nan.

Zo ka ga rawar kai. Kullum da safe sai ta ba su ruwa, ta auna tsayinsu da tef kamar masu jiran riga. Da fure ya fito fari tas, har masu kawo ɗinki take ja su je su gani. Ba a yi sati ba furen ya fara zuba, ganyen ƙasa ya yi rawaya.

"Ƙishi ne," in ji Baba. "Shi ya sa nake ƙara musu buta guda kafin in fita. Jiya har ɗanyen kashin kaji na zuba musu."

"Kai ma, Yaya?" in ji Goggo.

Mama ta sunkuyar da kai. Ashe ita ma da rana ruwan wankin shinkafa take juye musu.

Goggo ta tsoma yatsa a ƙasar, ya fito caɓa-caɓa. Nan ta tuna Kaka: ba ta ɗaukar moɗa sai ta tsoma yatsa, in ta ji danshi ta wuce abinta.

"Ƙauna za ta kashe min su," ta ce. "Yaya, ka je ka shayar da babur ɗinka."

Ta huda gindin bokitan da ƙusa, ta kwashe kashin kajin, ta zagaya ruɓaɓɓen taki nesa da saiwa. Sannan ta yanko jan ƙyalle: in yana ɗaure a bokiti, an ba su ruwa, kowa ya kama kansa.

Ɗaya ya mutu. Biyun suka sake fure, wannan karon ya zauna. Ranar da 'ya'yan farko suka yi ja, Goggo ta bar riga da allura a jiki ta fito ba takalmi, tana kiran kowa. Baba ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Na iri ne. Ka jira na biyu."

Ta shanya su, ta ƙulla irin a guntayen ƙyalle, kowace 'yar gidan nan da ƙullinta.