Ranar da na kwance igiyoyin keken ɗinki

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta fita a raina ita ce ranar da aka zo kwashe kekunan ɗinki daga cibiyarmu ta Gashuwa. Ni ne masinja, ni ne mai shara, makulli ma a aljihuna yake kwana. Karatuna kuwa aji biyu ne, shi ma yawancinsa a gindin kanya na yi shi.

Ana tsakiyar girbin shinkafa takarda ta iso. Malama Falmata, mai koyar da ɗinki da karatun manya, ta karanta mana: gwamnatin jiha ta rage kuɗin shirin, za a rufe cibiyarmu a haɗe ta da ta Nguru. Duk keken da ke aiki za a tafi da shi, a bar matattu. Ɗalibanmu matan aure ne, wasu daga Katuzu suke zuwa a bayan akori-kura, ba wadda za ta iya zaryar Nguru. Malama ta ce ko ba alawus za ta ci gaba, in dai da keke.

Sai dabara ta faɗo mini. Da sassafe na bi kekunan nan takwas na cire igiyar da ke juya su in an taka, na dunƙule na cusa a bayan randa. Ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi jami'a ta iso daga hedikwata, wata Hajiya mai tabarau. Ƙa'ida ita ce a gwada kowane keke a gabanta kafin a loda. Ta taka na farko, shiru. Ta taka na biyu, shiru. Na matso na ce ai ɓeraye sun addabe mu bana. Ashe 'yar tela ce. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba Garba, ɓerayenku suna da tsari. Ba su taɓa zare ba, ba su taɓa yadi ba, sai igiya, kuma ta kowane keke?"

Matan suka tuntsire da dariya. Na sunkuyar da kai na je bayan randa na kwaso igiyoyin.

Ban da faɗa ba abin da nake jira, amma ta ce da mun tambaya da ba mu wahalar da ɓera ba. Akwai tanadi: in ɗalibai suka rubuta buƙata, kuma wani ma'aikaci ya tsaya musu, ana barin kayan aro. Nan take wata ɗalibarmu, Ya Gana, wadda shekara biyu baya ba ta san bakin biro ba, ta rubuta wasiƙar. Mata suka jeru, kowacce ta sa sunanta da hannunta.

Da aka zo kaina, ni mai tsaya musu, sai da aka aika neman tawadar dangwale. Ya Gana ta ce, "Baba, shekara nawa kana share ajin nan, ko harafi ɗaya bai maƙale a tsintsiyarka ba?"

An bar mana keke shida. Litinin ta gaba na jingine tsintsiya na zauna a bencin baya.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, abin da na koya shi ne mutanen ofis ba duka ne dodanni ba, kuma tambaya ta fi wayona sauƙi. Takardar ritayata dai da hannuna na rubuta sunana a kanta. Ya karkace kamar hanyar Dagona, amma nawa ne.