Walimar Kumfa

Shekarar da babbar 'yarmu ta sauke Alƙur'ani, muka shirya walima a bayan gidanmu na unguwar Gorton a Manchester, ɗan filin da in ka shimfiɗa tabarma biyu, ta uku sai ta hau katangar maƙwabci. Fargabata ɗaya ce. Yayar maigidana za ta taso daga Birmingham, ita kuwa abin da idonta ya gani, kafin ta gyara ɗaurin ɗankwali surukata ta ji shi a Kano. Ni dai so nake a ce yarinyar nan a gidan tarbiyya ta tashi, ko da a ƙasar Turawa ne.

Ana gobe walima sai ga maigidan yana mirgino wani tulun ƙarfe, irin wanda nake gani ana saukewa a ƙofar gidan giyar da ke kan kwanarmu.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Keg ne. Zoɓo za a zuba. A dasa shi cikin ƙanƙara, kowa ya danna famfo ya tsiyaya. Ba ludayi, ba ƙuda."

"A da me ake zubawa a cikinsa?"

Ya ce second hand ne, ya hau duba wayarsa.

Mijina injiniya ne, mutumin kirki, amma in ya ƙyalla ido ya ga na'ura, kunnensa rufewa yake. Ya kira abokansa biyu, wani likita da wani ɗalibi mai neman digiri na uku a Fallowfield, suka kewaye tulun kamar 'yan dubiya. Ɗalibin ya ce a wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Likita ya ce ai wannan hukuncin kwanon da kare ya lasa ne. Ɗalibin ya ce wankin da ya isar wa kare ai ya isar wa giya. Aka yi kabbara, fatawa ta fita.

Sai dai ina ƙasar? Bayan gidanmu siminti ne kaf. Nan maigidan ya tuna da buhun ƙasar shuka da na sayo don tukwanen tattasaina. Suka ɗura wa tulun, suna jijjigawa suna haki. Na fito da shayi, na ɗaga buhun na karanta abin da ke jikinsa.

"Malamai, sannunku. Ƙasar nan fa da kashin doki aka haɗa ta."

Suka ajiye tulun. Daga nan aka buɗe sabon babi, ko kashin doki najasa ne, har aka kira La'asar. A ƙarshe ni na wanke tulun da tafasasshen ruwa da sabulu, ina istigfari, su kuma suna ciki suna neman dalili.

Washegari aka ɗura zoɓon, na ɗaura wa tulun atamfa har wuya, kamar mai jego. Maigidan ya jera ƙanƙara, ya ɗaura famfon, ya yi ta buga masa iska da ɗan hannun da ke sama. Na ce ya isa. Ya ce, "Pressure ake nema, ke dai ki ji da waina."

Yarinyata ta zauna cikin farin hijabi ta karanta farkon Baƙara, ni kuma na kasa haɗa ido da kowa don hawaye. Ana shafa addu'a maigidan ya ce babba ce za ta fara, ya miƙa wa Yaya kofi.

Famfon ya yi tsaki, ya feso wata jar kumfa da ta cika kofin, ta haye hannunta, ta sauka a kan farin leshinta. Yaya ba ta yi ihu ba. Ta sa yatsa biyu ta ɗage atamfar, ta daɗe tana kallon tambarin kamfanin giyar da ke jikin ƙarfen.

"Ƙanwata," ta ce da ni, ba da ƙanenta ba, "zoɓon Manchester ke nan?"

Bayan Magariba waya ta shigo daga Kano. Hajiya surukata ta ce an ce na kawo tulun giya wurin saukar jikarta. Na miƙa wa ɗanta wayar. Allah ya sani bai ɓoye ba, ya ce shi ya sayo, shi ya dasa, ni hana shi na yi. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce ya ba ni.

"To shi ai namiji ne. Ke kina ina?"

Na ce a yi haƙuri, Hajiya. Ta ce ta haƙura, a ba ta jikarta ta ji karatu. Yarinyar ta karanta mata, tsohuwa ta yi ta sa albarka. Amma har yau a dangin mijina ba mai cewa shekarar saukar wance. Shekarar walimar kumfa ake cewa, kuma in an faɗa ni ake kallo.