Abin da ya hana Hajiya Kulu goyon jikanta

Da safiyar nan labari ya iske ni a kan tabarma, ko kunu ban kurɓa ba. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, na ji muryar mace tana kuka tana cewa, "Baba, Hajiya ce." Ban jira sauran ba na kama innalillahi. A shekarunmu, kuma a ƙasarmu ta yanzu, wayar sassafe abu biyu take kawowa, ko rasuwa ko 'yan bindiga.

Sai da na dire aka ce, "A'a Baba, tsaya mana. An yi mata aikin jiya, ta farka."

To, alhamdu lillahi. Tunda yabon da na fara haɗawa a zuci bai samu gawa ba, bari in yi shi mai shi na raye, ta ji ta zage ni.

Hajiya Kulu ta Faskari taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar babana. Malamar firamare ce har ta yi ritaya. Duk wanda ya yi aji ɗaya a hannunta ya san jakarta ba ta rabo da ƙuli-ƙuli, saboda yaron da ya fito gida bai karya ba. Shekarar da aka tashi ƙauyen su matata, a tsakar gidanta dangi suka zube, ba ta tambayi kowa ranar tafiya ba. Ni kaina da na karye a kan babur, ita ta riƙa aiko mani da farfesun ƙafar sa har Ƙanƙara, kowace kula da saƙon cewa tsoho a kan babur rashin kunya ne.

Shi ya sa da na fara jin maganar ban yarda ba. A kasuwa na ji ta, wajen masu hatsi. Wai Hajiya Kulu ba ta son jikanta, tun da aka haife shi ba ta taɓa goya shi ba. Dalili kuwa wai uwar yaron, Ladi, ɗiyar Maguzawan wajen Damari ce, kuma Hajiya ba ta so ɗanta Nasiru ya auro ta ba.

Na ce ƙarya ne. Matar da ta goya 'ya'yan rabin unguwa?

Sai da na gani da idona a wani suna a Mairuwa. Na shiga cikin gida gaida mata, na tarar Ladi na kan tukunya, yaron na tsala kuka. Ta kwanto shi ta miƙa, ta ce, "Hajiya, ga mijin naki, goya mani shi in sauke wannan."

Hajiya ta ce, "Kawo shi cinya."

Kowace mace a gidan ta sami abin kallo a ƙasa. Ladi ta mayar da ɗanta baya, ta ja majanyi da ƙarfi, ta koma cikin hayaƙi.

Da yamma na tare Hajiya a zaure. Na ce, "Hajiya, tsufan ne ya zo maki da rowa, ko bayan ne kika ba da haya?"

Ta ce, "Kai dai Malam, haƙora sun zube amma bakin bai gaji ba. Kira mani matarka."

Suka shiga ɗaki su biyu. Matata ta fito tana share ido da gefen mayafi, ba ta ce mani komai ba sai da muka isa gida.

Ashe shekarun baya da aka ce Hajiya ta tafi Kano jinyar hawan jini, ciwon daji ne aka gano a mamanta na hagu, aka cire shi. Likitoci suka sa mata wata jakar roba mai laushi a gurbin, daidai girman ɗayan, yadda in ta sa riga ba mai ganewa. Ba wanda ya sani sai Nasiru, shi ma ta sa shi ya rantse ko matarsa ba zai faɗa wa ba.

Ni na ɗauka irin wannan sai ƙasar Turawa. Ashe abin na zaune kusa da ni a kowane biki, ana cin tuwo.

Jiki kuwa ba ya son baƙo. Sai ya yi wa robar wani tantani ya kewaye ta, tantanin ya riƙa tsukewa yana matse ta har wurin ya yi tauri. Matata ta ce da ta taɓa, kamar ta taɓa goran duma. An taɓa komawa asibiti aka yanke tantanin, likita ya ba da shawara a sa ƙaramar roba fatar ta huta. Hajiya ta ƙi, ta ce a mayar da irin ta da. Aka mayar. Taurin ya dawo ya fi na farko, zafin ya ja har kafaɗa.

Bayan kwana biyu na koma Faskari, na zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Kafin in buɗe baki ta ce, "Malam, zanin goyo a ina ake ɗaure shi?"

Na ce, "A ƙirji."

Ta ce, "Na gwada. Na rufe ɗaki na goya shi yana barci. Ina jan zanin sai ga ni a durƙushe. Na ji tsoron in faɗi da ɗan mutane."

Na ce, "To ki faɗa wa yarinyar nan mana, ta daina ɗaukar abin da zafi."

Ta ce, "In ce mata me? Gara a ce ba ni da kirki, da mata su riƙa gaishe ni idonsu na kan ƙirjina."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Na fito da hulata a hannu, ban ci nasara ba.

Sauran ban gani ba, faɗa mani aka yi. Ladi ta haɗa kayanta, ta ce wa Nasiru Damari za ta, ba za ta reni ɗa a gidan da ake ƙyamarsa ba. Nasiru ga rantsuwa ga mata, ya kasa tsayar da ita. Har an kira mai babur ya tsaya a ƙofar gida. Sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Ladi, zo ki taya ni cire riga, hannun nan ba ya ɗaguwa."

Mai babur ya gaji da jira ya tafi.

Jiya aka yi aikin. An cire tantanin gaba ɗaya, an sa ƙarama. Likita ya ce sun duba ba dajin ba ne ya dawo, wanda shi ne abin da ya tsaya mana a rai ni da matata. Bai yi alkawarin taurin ba zai sake dawowa ba, ya ce dai yanzu fata ta samu sarari. Ya kuma ce za a ga bambanci a riga. Hajiya ta ce a gani.

Kada wani ya ce tsoho ya hau fesbuk ya tona asirin 'yar'uwarsa. An kara mata wayar a kunne, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ka rubuta, tunda ba ka da aikin yi. Ka sa sunana. Akwai mata daga nan har Sabuwa da ke jin ƙullutu a jikinsu suna rufewa da mayafi. Ka ce masu na ce su je asibiti."

Na ce, "Har da zancen robar?"

Ta ce, "Har da ita. Amma kar ka sa hoton nan na filin jirgi, na fito kamar wadda aka koro."

Saura abu ɗaya. An hana ta goyo sai wurin ya warke sarai, yaron kuwa har ya fara kama bango yana miƙewa. In aka daɗe zai taka, ya ƙi bayan kowa. An ce tun yanzu tana damun nas da tambayar yaushe.

Ya Allah Ka warkar da baiwar nan taKa, Ka sa wanga aiki ya zama na ƙarshe. Ka tausasa abin da ya taurara, a jikinta da cikin gidanta. Ka nufe ta da ɗaura zanin nan ko sau ɗaya ne kafin yaron ya fi ƙarfinta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ya haɗa da sauran marasa lafiya da ke fama ba su faɗa wa kowa ba.

Masu hatsi kuma, in kun gama aune ku zo in ba ku sabon labari, daga bakin mai shi na samo. Wadda ta kira ni tana kuka, ta kara wa Hajiya wayar a kunne, Ladi ce. Ita ta kwana a kujerar bakin gadon.