Taragon Baba a Zungeru

Ana sallame sallar asuba muka bar Kontagora, ni da Baba da ƙanena mai mota. Tun da tsohon ya ji cewa 'yan gwangwan sun fara yanka taragun kaya da aka yasar a bayan tashar jirgin Zungeru, ya hana mu sakat. A can ya yi dako da ƙuruciyarsa.

Hanyar Tegina kam sai dai a ce Allah ya kyauta. Ramin da ka kauce wa, yayansa na gaba yana jiran ka. A Tegina muka karya da gasasshiyar doya da yaji. Da mai doyar ta faɗi kuɗi, Baba ya tambaye ta ko har da gonar za ta haɗa mana.

Da hantsi muka isa. Taragun na jere a kan layin da ciyawa ta haɗiye, tsatsa ta ci su, awaki na kwance a ƙarƙashinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu a gida masara na lalacewa saboda tsadar mota, ga abin ɗaukarta nan ya zama inuwar akuya.

A zamanin su Baba, kowace ƙungiyar 'yan dako takan zana alamarta da ƙusa a bayan ƙofar taragon da ta loda. Ta su Baba ƙafar kaza ce. A tarago na ƙarshe ya same ta, daidai lokacin da wasu samari 'yan gwangwan ke jawo tukunyar gas ta yankan ƙarfe.

Babbansu ya ce, "Baba, sauko, aiki za mu yi."

Tsohon ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna. "Yaro, kunna wutarka. Ni ma tsohon ƙarfe ne, ka haɗa mu ka auna."

Ban san lokacin da na hau na zauna kusa da shi ba. Mata masu shanyar shinkafa a gefen layi suka matso, da ma a cikin taragun suke ɓoye ta in hadari ya taso. Kafin azahar samarin suka naɗe tiyonsu suka tafi.

Da magariba muka shigo Kontagora. Ba na yaudarar kaina, ƙila su dawo. Amma na koyi cewa abin da aka yasar ma yana da masu shi, sai dai in sun yi shiru. Da ƙanena zai sauke buzun, Baba ya riƙe hannunsa.

"Bar shi a mota. Jibi ma da asuba."